Kawu ya ce sai an sayi na'urar nuna hanya, ni kuwa wayata na sani

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina jan motar kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Yana da shagon irin shuka da maganin feshi a Sabon Gari, ni ke kai wa masu saye kaya a ƙauyukan Soba, Ikara, Kubau da Giwa, wani lokaci har Kaduna da Abuja. Da taswirar waya nake gane hanya. A daminar nan an aike ni wani ƙauye gaba da Anchau, sabis ya ɗauke, taswira ta daina nuna komai, wayar ta ɗau zafi, kafin la'asar caji ya ƙare. Na saki hanya, mota ta kafe a taɓo, ban iso gida ba sai bayan isha'i. Na tarar mahaifiyata tana kuka, an ɗauka sace ni aka yi. Tun ranar Kawu ya ce ba zan ƙara barin gari da "wasan waya" ba. Wani abokinsa yana da na'urar nuna hanya, irin wadda ake mannawa a gilashin gaba, ta hannu ce daga waje, kuɗinta ya kusa albashina na wata biyu. Kawu ya ce zai biya rabi, rabin kuma a riƙa cirewa a albashina. Ni gani nake asarar kuɗi ce, ga shi ina tarin aure. Da na fara yi masa bayani sai ya ce ai na fi shi sani ke nan, kuma ya san hira nake yi a waya ina tuƙi. Malam, wanne ya fi, waya ko na'urar? Kuma yaya zan yi da Kawu ba tare da na yi masa rashin kunya ba?

Wani direba, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanina. Barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Kafin mu taɓa maganar waya da na'ura, ina so ka koma daren nan, amma ka tsaya a tsakar gidanku maimakon cikin taɓon Anchau. An yi magariba ba ka dawo ba. Kawu ya kira, an ce masa wayar a kashe take. Ya sake kira, haka. Ga yayarsa a gabansa tana tambayarsa ina ya aiki ɗanta, shi kuwa ba shi da amsa. Duk wanda ya zauna a jihar Kaduna cikin shekarun nan ya san abin da ke fara zuwa zuciyar mutum idan wayar matafiyi ta mutu da yamma a yankin daji. Kawu ya ɗanɗani wannan na tsawon awanni, kuma shi ne ya aike ka. Don haka idan ya ce "wasan waya", ba lissafin fasaha yake yi ba. Mutum ne da ya tsorata, yake neman abin da zai riƙe a hannu ya ce ya ɗauki mataki. Idan ka shiga musu da shi kan wacce ta fi ƙarfin taswira, kana amsa tambayar da bai yi ba ne, shi ya sa ya sare maka gwiwa da "ka fi ni sani".

To amma tambayarka ma tana da amsa, kuma gara ka san ta sosai kafin ka sake zama gabansa.

Waya da na'urar nan duk daga rijiya ɗaya suke sha. Akwai taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da mu, an tsara su ta yadda ba za su gaza 24 ba. Aikinsu su yi ta aiko da sigina mai ɗauke da lokaci da inda suke. Duk abin da ya kamo siginar aƙalla huɗu daga cikinsu zai iya lissafa inda yake tsaye a doron ƙasa. Wannan kamowar ba ta cin data, ba ta neman layi, ba ruwanta da ko akwai eriyar kamfanin waya a kusa. Yawancin wayoyin yanzu ma suna haɗawa da taurarin Rasha, na Turai da na Sin. Ke nan a ranar da sabis ya ɗauke maka gaba da Anchau, wayarka ta san inda kake sarai. Na tabbata ka ga ɗigon nan mai launin shuɗi yana motsi a kan fili mai toka-toka, babu titi babu sunan gari. Abin da ya ɓace shi ne hoton taswirar, domin wayar takan jawo shi ne ta intanet kaɗan-kaɗan yayin da kake tafiya. Na'urar gilashi kuwa taswirarta a cikinta take tun asali. Wannan shi ne babban bambancin da ake ta kururutawa, kuma bambanci ne da za ka iya toshewa a wayarka cikin rabin awa ba tare da ka ba kowa ko sisi ba, in ban da kuɗin data.

A Google Maps akwai sashen da aka rubuta Offline maps. Ka shiga, ka ja akwatin ya rufe yankin da kake so, ka sauke shi ya zauna cikin wayar. Ɗauki Zariya zuwa Pambegua da Anchau da Ikara a akwati ɗaya, Shika da Giwa zuwa Funtuwa a wani, hanyar Kaduna a wani. Bayan haka ko sabis ya ɗauke za ta ci gaba da nuna hanyar mota tana faɗa maka inda za ka karya kwana, illa dai ba za ta san cunkoso ba, kuma taswirar tana da wa'adi, sai ana sabunta ta. Akwai kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps, waɗanda tun farko don aiki ba intanet aka gina su. Su taswirar OpenStreetMap suke amfani da ita, wadda 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. Ka sauke biyu, domin ƙauyen da wata ba ta sani ba, wani lokaci ɗayar ta san shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: wannan aikin daren jajibiri ne, waya tana jikin caji.

Yanzu bari in ba Kawu haƙƙinsa, domin yana da shi, kuma ya fi yadda kake zato. Wayarka ɗaya ce, ita ce taswira, ita ce ta karɓar kiran masu kaya, ita ce ta banki, ita ce ta budurwa. Nuna hanya yana cin batir ƙwarai, saboda allo a kunne yake koyaushe, ga shi idan sabis ya yi rauni waya takan ƙara ƙarfi wajen nemansa, cajin ya riƙa zuba kamar an huda tulu. Ka ƙara da rana. Masu ƙera iPhone da kansu sun ce a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kai kuwa ka san yadda dashbod yake a watan Maris da Afrilu a Zariya, ko hannu ba ka iya ɗorawa. Waya idan ta yi zafi takan rage hasken allo, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta kashe kanta. Da a ce a ranar nan wani abu daban ne ke nuna maka hanya, wayarka tana aljihu da cajinta, da ko ka kafe a taɓo za ka taka zuwa kan tudu ka kira gida. Mahaifiyarka ba za ta yi kuka ba. Wannan ita ce hujjar Kawu ko da bai faɗe ta haka ba, kuma hujja ce mai ƙarfi: kada abin nuna hanya da abin kiran gida su zama abu ɗaya da zai mutu lokaci ɗaya. Abin da babba ya hango ke nan. Na'urorin nan na kamfanoni irin su Garmin na Amurka da TomTom na Holan babban aikinsu nuna hanya ne, allonsu an yi shi don a gani cikin rana, kuma galibi sun fi waya juriyar zama a gilashi.

Sai batun hira a waya. Ban san ko kana yi ba, kai ka sani. Amma in har saƙo yana faɗowa a saman taswira kana kai hannu, ko sau ɗaya a rana, to Kawu bai yi maka ƙazafi ba. Amfani da waya ana tuƙi laifi ne a dokar hanya, jami'an kiyaye haɗurra suna cin tara a kansa, kuma tarar ita ce mafi sauƙin abin da kan biyo baya a hanya irin ta Zariya zuwa Kaduna, inda tireloli ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Ka yi wa kanka wannan hisabin kai kaɗai, ba sai ka ba ni amsa ba.

Inda nake tare da kai shi ne kan wannan na'urar ta abokin Kawu, musamman da ka ce ta hannu ce daga waje. Na'ura ba ta wuce taswirar da ke cikinta. Wadda aka sayar a Ingila ko Amurka da taswirar can take zuwa, kuma alƙawarin sabuntawa kyauta da ake rubutawa a kwali yawanci na wannan yankin ne kaɗai. Na taɓa shiga motar wani abokina, 'yar Kwatano, da irin wannan a jikin dashbod. Muna kan gadar Kwangila, ga motocin Kano da na Funtuwa suna ta wucewa, allon yana nuna 'yar ƙaramar mota ita kaɗai a tsakiyar farin fili kamar an ajiye ta a hamada, da wani rubutu na Jamusanci a ƙasa. Ta san inda muke a duniya, amma ba ta san akwai Kwangila ba. Ko da an ce maka akwai taswirar Najeriya a ciki, tambayi ta wace shekara ce. Aikin hanyar Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya da aka fara a 2018 kaɗai ya isa ya rikita tsohuwar taswira, balle sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen Dogarawa da Basawa. Sabunta na'ura sai an haɗa ta da kwamfuta, wasu sai an biya da kuɗin waje, wasu tsofaffin kuma kamfanoninsu sun daina kula su gaba ɗaya. Gaskiya ne mai ilimin abin zai iya ɗora wa wasu na'urorin Garmin taswirar OpenStreetMap a katin memori. Amma ka lura da inda aka dawo: albashin wata biyu, don ka sami taswirar da wayarka za ta sauke kyauta.

Ban ce abokin Kawu yana da mugun nufi ba. Mai yiwuwa shi ma aiko masa aka yi, bai taɓa gwada ta bayan gari ba. Kuma ka tuna akwai zumunci tsakaninsu, Kawu ba zai so ya ji kana kushe kayan abokinsa ba. Shi ya sa kada ka kushe. Gani ya kori ji. Ka roƙi Kawu ya karɓo ta aro na mako guda kafin a biya, wannan ba abin kunya ba ne a ciniki. Ku zauna cikin mota kai da shi, a kunna. A rubuta Anchau, a rubuta Maigana, Dutsen Wai, Giwa. Ku tashi daga PZ ku bi ta Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, ku fita Ɗanmagaji, yana riƙe da na'urar a hannunsa, wayarka kuma a gefe da data a kashe, ya ga da idonsa tana magana ba intanet. A duba ko batirin na'urar yana riƙe wuta idan an zare waya, domin na tsofaffi kan mutu. Kada ka ce uffan a lokacin gwajin. Idan ta gaza, shi zai fara faɗa, kuma girmansa bai zube ba. Idan ta yi aiki, ta san ƙauyukan nan, to ka karɓi gaskiya, abu ne mai amfani.

Akwai wani abin da nake so ka bincika a hankali. Mutane da yawa suna haɗa na'urar nuna hanya da abin bin sawun mota, wanda ake ɓoyewa a jikinta da layin waya a ciki don mai mota ya riƙa ganin inda take. Ba ɗaya ba ne. Ta gilashi karɓa kawai take yi, ba ta gaya wa kowa inda kake. Idan Kawu yana zaton da ita zai riƙa ganinka daga shago, to zai biya kuɗi ya sayi abin da ba shi yake nema ba. Ka tambaye shi cikin ladabi: "Kawu, so kake ka riƙa sanin inda nake?" In ya ce e, wayarka ta riga ta iya wannan. A WhatsApp za ka iya tura masa lokeshan mai motsi har na awa 8, yana gani kana tafiya, inda sabis ya yanke kuma zai ga wurin ƙarshe da ka wuce. Shi kaɗai za ka tura wa, ba guruf ba.

Abin da ni zan yi da ina matsayinka shi ne in kai wa Kawu tayin da ya cika sharaɗinsa da kuɗi kaɗan. A nemi wayar Android ta hannu mai batir lafiyayye, ko da gilashinta ya ɗan tsage, wataƙila ma akwai wata a gida da aka ajiye. Kada a sa mata layi, kada a sa mata WhatsApp ko Facebook. A sauke mata taswirori, a sayi mariƙi a kafa ta inda rana ba ta dukanta kai tsaye, gaban iskar na'urar sanyaya mota in tana aiki, a cire mata riga don ta sha iska. A sayi cajar mota ta kirki da igiya mai kyau, domin 'yar arha sai ka ga waya tana jone amma caji yana raguwa. Wannan ta zama wayar mota, kwananta a shago ko a wurin Kawu, sau ɗaya a mako ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka ta sabunta. Takan ɗan daɗe kafin ta kamo taurari da safe tunda ba layi, sai ka kunna ta tun kana loda kaya. Ka ga ta zama na'urar nuna hanya sak, ba kira ba hira, kuma da taswirar bana. Taka wayar ta koma aljihu. Idan da hali ka ƙara da 'yar ƙaramar waya mai madannai da layin wani kamfani daban, wadda cajinta ke kwanaki, ka jefa ta cikin aljihun mota. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Kaduna na tsawon makonni. A irin wannan hali taswirar da ke zaune cikin waya ce kaɗai ke aiki.

Ranar da za ka shiga Kaduna ko Abuja kuwa, nan waya mai data ta yi wa na'urar fintinkau, domin tana ganin cunkoso daga motsin wayoyin sauran masu tafiya, ta ce maka ga ja a gaba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, ka riga ka sani.

Sauran abu ɗaya, kuma shi ya fi damuna a wasiƙarka. Ka ce da taswira kake gane hanya. Ƙanina, taswira tana lissafin tazara da minti ne, ba ta san kwalbatin da ruwa ya cinye shekaranjiya ba, ba ta san hanyar burjin da ke zama kogi a watan Agusta ba, ba ta kuma san dajin da mutanen yankin suka daina bi bayan azahar ba. Waya da na'ura duk makafi ne a nan, kuma dukkansu suna son yanke, su jefa ka gajeriyar hanya saboda ta rage minti goma. Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka sauka daga kwalta, tsaya a tasha ko wurin mai shayi, ka yi sallama, ka tambayi ɗan acaɓa ko ɗan kamasho yadda hanyar take yau. Ka sa mai kaya ya turo maka lokeshan tun daren jiya, ka tambaye shi ta ina motoci ke shigowa, in ya yiwu ya turo yaro a babur ya tare ka a bakin titi. Duk inda ka sauke kaya, danna alama a taswira ka sa sunan wurin; cikin damina ɗaya za ka tara taswirar da babu kamfanin da ke da irinta. OsmAnd ma tana iya zana sawun da ka bi, ka biyo shi wajen dawowa. Ko a cikin birni ai haka ne, wa ya taɓa samun gida a lungunan bayan fada da taswira? Sai an ce maka ka wuce masallaci, ka karya a gindin rimi.

Maganar kuɗi ka bar ta ƙarshe, kuma kada ka buɗe ta da "ba zan biya ba". A ƙa'ida kayan aikin mota na mai mota ne, amma Kawu ba ubangida ba ne kawai, uba ne, kuma ina zaton rabin da ya ɗora maka hanyarsa ce ta cewa kai ma da naka sakacin. Da naka ɗin kuwa: ka fita daji ba caja mai aiki, ba taswira a ajiye, ba ka kira gida ba tun caji yana kashi goma. Fara da amsa wannan. Ka same shi shi kaɗai, ba a shago gaban yara ba, ka ce: "Kawu, na yi kuskure ranar nan, na tayar muku da hankali, a yafe mini. Na yarda kada in ƙara dogara da wayata ita kaɗai. Ga abin da na binciko, a duba mini." Sannan ka ce kai za ka sayi mariƙi da caja daga aljihunka. Mutumin da aka fara ba shi gaskiyarsa yakan saurari saura. In ka ga abin ya ƙi, mahaifiyarka yayarsa ce, ta san ta inda ake shigarsa, kuma ta san zancen tarin aurenka. Ka bar ta ta ambata masa, ya fi kyau a bakinta.

Idan kuwa an yi gwaji, na'urar ta yi rabin aiki, Kawu ya dage sai ita, kada ka ɓata da wanda ya riƙe ka saboda wannan. Ka roƙi a shimfiɗa cirewar a kan watanni masu yawa, a kuma faɗa tun yanzu ta wa ce idan wata rana ka bar jan motar. Ka manna ta a gilashi yadda yake so, taswirarka tana ajiye a waya, ƙaramar wayarka tana aljihun mota, ka kira shi idan ka isa, ka kira idan ka juyo, ka kuma tabbatar la'asar ta same ka a kan kwalta. Ka rubuto mini abin da allon ya nuna lokacin da kuka rubuta Anchau. A gaida Hajiya.